Fallen roba na masana'antu

Fallen roba na masana'antu roba ce da aka murje ta zama shimfiɗa mai kauri ɗaya sannan aka gasa, ana sayar da ita a naɗe kamar bandir ɗin yadi ko a yanke falle-falle. Da ita ake yanka gasket, wato abin da ake sa wa a mahaɗar bututu da famfo don hana yoyo, a yi shimfiɗa ƙarƙashin inji don rage girgiza, a lulluɓe cikin tankuna da magudanan tama, a kuma shimfiɗa ta gaban allunan wutar lantarki. Naɗin da aka fi gani faɗinsa mita 1.2 ko 1.4 ne, tsawonsa mita 10, kaurinsa kuma daga milimita 1 zuwa 25. Tana fara tsufa tun ranar da aka gasa ta, ko da ba a taɓa yanka ta ba.

Tarihi

Mutanen Amurka ta Tsakiya sun san danƙo tun wajajen shekara ta 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, suna yin ƙwallo da shi. Da ya isa Turai bai yi amfani sosai ba, domin yana narkewa ya yi wari a lokacin zafi, ya ƙage a lokacin sanyi. Ana danganta maganin wannan matsala ga Charles Goodyear, Ba'amurke, wanda a wajajen 1839 ya gano cewa idan aka gauraya danƙo da farar wuta aka gasa, sai ya daina narkewa. Ya sami rajistar fasahar a 1844. Thomas Hancock ya riga shi yin rajista a Ingila da 'yan watanni, kuma an daɗe ana muhawara kan ko shi kaɗai ya gano hanyar ko kayan Goodyear ya gani.

A 1876 Henry Wickham ya kwashi irin itacen Hevea kimanin 70,000 daga Barazil zuwa lambun Kew na Landan. Kaɗan ne suka tsiro, amma daga su aka kafa gonakin Silon, wato Siri Lanka ta yau, da Malaya, waɗanda suka karya kasuwar danƙon daji. A Najeriya, cinikin danƙon itacen Funtumia ya bunƙasa ta Legas a tsakiyar shekarun 1890, ya durƙushe cikin 'yan shekaru saboda tatsar da ta wuce kima ta kashe itatuwan. Hevea ya shigo kusan lokacin nan, ya kama ƙasa a yankin Binin da Safele da Kalaba. Cibiyar Binciken Roba ta Najeriya tana Iyanomo, kusa da Binin, kuma asalinta yana komawa 1961.

Haƙar kuza na da hannu a tarihin fallen roba. A shekarun 1920, a Malaya, aka fito da jar robar nan mai suna Linatex domin lulluɓe famfuna da magudanai, saboda yashi da tsakuwar da ke tafiya cikin ruwan wankin kuza suna cinye ƙarfe, roba kuwa tana lotsawa ta dawo. Wannan ita ce matsalar duk inda ake wanke tama da ruwa, har da filayen Bukuru da Barikin Ladi.

Robar haɗi ta zo daga baya. Kamfanin DuPont ya fitar da niyofirin a 1931. A shekarun 1930 Jamusawa suka haɗa Buna-S da Buna-N, kakannin SBR da naitiril na yau, aka kuma samar da butil a Amurka a 1937. Da Japan ta mamaye Malaya a 1942, Amurka ta koma haɗa roba da yawan gaske. Viton ya bayyana a ƙarshen shekarun 1950, EPDM kuma a farkon shekarun 1960.

Nau'o'i da halayensu

Kusan duk baƙaƙe ne, saboda baƙin garin kabon da ake zubawa don ƙarfi, shi ya sa ido ba ya bambance su. Mai saye a Jos, a Dilimi ko kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru, yakan ce a ba shi "baƙar roba mai kauri", alhali sunan ya haɗa kaya biyar ko shida masu hali daban.

Robar itace ita ce gwanar miƙewa da jure gogayya, amma fetur da baƙin mai suna kumbura ta, rana kuma tana tsattsaga ta. SBR ta fi arha, ita ce akasarin abin da ake samu a kanti, kuma rauninta iri ɗaya ne. Su biyun ba a so aikinsu ya wuce digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyas. Naitiril, wato NBR, ita ake nema wa man dizal da baƙin mai da giris, tana kaiwa kusan digiri 100, sai dai ba ta son zama a fili. EPDM akasinta ce: rana da ruwan sama da tururi ba sa damunta, amma idan aka yi gasket ɗin tankin dizal da ita, za ta jiƙa ta yi laushi ta fara yoyo. Niyofirin na tsakiya, tana ɗan jure mai, tana ɗan jure rana. Silikon na ɗaukar zafi har wajen digiri 200, amma tana yagewa da sauƙi. Viton na jure zafi da sinadarai tare, tsada ce matsalarta.

Ana auna tauri da ma'aunin Shore A, kuma fallen aikin yau da kullum yana tsakanin 60 da 70. Akwai mai zare a ciki, wadda ba ta miƙewa.

Shimfiɗar lantarki daban ce. Ƙa'idar IEC 61111 ta kasa ta aji biyar, daga aji 0 mai ɗaukar bolt 1,000 zuwa aji 4 mai ɗaukar 36,000. Baƙar roba ta kanti ba ta maye gurbinta, domin kabon ɗin cikinta na iya wuce da wuta.

Ajiya

Ƙa'idar ISO 2230 ce aka fi bi. Tana so sito ya kasance ƙasa da digiri 25, damshin iska ƙasa da kashi 70 cikin 100, babu hasken rana, babu abin da ke haifar da iskar ozon mai tsattsaga roba. Ta kasa roba gida uku wajen daɗewa a ajiye: robar itace da SBR shekara 5, naitiril da niyofirin da butil shekara 7, EPDM da silikon da Viton shekara 10. Bayan nan a duba, idan lafiya a ƙara shekara 2, 3 ko 5 bi da bi. Ƙarin digiri 10 a zafin sito na rage wa'adin da kusan rabi.

Ta wannan fuska Jos ta yi sa'a. Tudunta ya kai kimanin mita 1,200, kuma matsakaicin zafinta a yawancin shekara bai wuce iyakar nan ba, saɓanin Abuja da ke haura digiri 35 a watan Maris. Amma shagon kwano ko kwantena da rana ta doka ba ruwansa da tudu. A Yuli da Agusta damshi na wuce ƙa'ida, kuma roba mai zare ce ta fi shan wahala, domin zaren na tsotsar ruwa ta bakin yanka. A daren hunturu kuma falle na ƙagewa. Idan ya kwana ƙasa da digiri 15, a bar shi ya yi ɗumi kafin a warware, kada a tanƙwara shi da ƙarfi.

Ozon shi ne maƙiyin da aka fi mantawa. Tartsatsin walda da injinan lantarki masu buroshi da fitilun makuri suna haifar da shi. Abin da aka saba gani a layin masu kayan inji shi ne naɗi jingine a bakin ƙofa don mai wucewa ya gani, an ɗaure shi tamau da waya, janareto na aiki kusa, mai walda na maƙwabtaka. Ozon na cin roba ne a inda take a miƙe, shi ya sa tsagar farko kan fito a bayan naɗi da wurin ɗauri, ƙanana a jere, a gicciye da inda aka ja ta. Masu sana'a kan lanƙwasa kusurwa tsakanin yatsu su duba a haske: idan fuskar ta buɗe kamar kaushin ƙafa, ta tashi aiki.

Falle a kwantar da shi a kan katako, ba ninki. Naɗi kada a tara shi da yawa, domin mai kaurin milimita 3 kaɗai na iya kai kilo 60, na ƙasa zai baje ya ƙi kwanciya. Masu ƙera ta sun saɓa kan ko a tsayar da naɗi ko a rataye shi a sanda. Kowa da hujjarsa. A nesanta ta da jan ƙarfe da manganis, da fetur, kalanzir da tina, kuma kada nau'i biyu su manne da juna. Baƙar ledar folitin ko takarda ta isa rufi, ban da ledar PVC. A rubuta nau'i da ranar shigowa a jiki, a fara fitar da tsohon kaya.

Farin ƙura-ƙura da kan fito a fuskar sabon falle sau da yawa kakin kariya ne da aka zuba da gangan. Idan wanki ya zama dole, ruwa da sabulu, a shanya a inuwa.