Das Model (waƙar Kraftwerk)

"Das Model" waƙa ce ta ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Düsseldorf a ƙasar Jamus. Ta fara fitowa a shekarar 1978 cikin kundinsu mai suna Die Mensch-Maschine, wato "mutum-inji". Ralf Hütter da Karl Bartos ne suka tsara kiɗan, Hütter da Emil Schult kuma suka rubuta baitocin. Tsawonta bai kai minti huɗu ba. An rera ta da Jamusanci, aka kuma yi ta da Turanci da sunan "The Model". Ta Turancin ce ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a watan Fabrairun 1982, kusan shekara huɗu bayan an ɗauke ta. Tana cikin waƙoƙin da suka share fage ga salon pop na sintesaiza, inda na'urorin lantarki ke yin aikin ganga da jita gaba ɗaya.

Yadda aka yi ta

Hütter da Florian Schneider ne suka kafa Kraftwerk a 1970. Lokacin da aka yi wannan waƙa su huɗu ne, har da Bartos da Wolfgang Flür. Suna da situdiyonsu na kansu mai suna Kling Klang, a wani gini kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Düsseldorf, kuma ba kasafai suke barin baƙo ya shiga ba. A nan aka ɗauki kundin. Aikin daidaita sauti kuwa an yi shi ne a situdiyon Rudas, cikin birnin dai, tare da Joschko Rudas da wani injiniya daga Amurka, Leanard Jackson.

Sintesaiza na'ura ce da ke ƙirƙiro sauti daga wutar lantarki. Fiyanon da ake kiɗa da shi a situdiyoyin Kano danginta ne. Sai dai na wancan zamani, irin su Minimoog, ba sa zuwa da kiɗa a shirye. Mai kiɗa ne zai yi ta murɗa maɓallai har ya samo amon da yake nema. Kraftwerk suna kuma da wata na'urar jera sauti, Synthanorma, da kamfanin Matten & Wiechers na birnin Bonn ya ƙera musu, wadda ke maimaita zubin kiɗa ba tare da kuskure ko gajiya ba.

Abin da ya bambanta "Das Model" da sauran waƙoƙin kundin shi ne sauƙinta. A waƙar da ta buɗe kundin, "Die Roboter", an bi da murya ta cikin na'ura har ta koma ta mutum-mutumi. A nan kuwa Hütter ya rera da muryarsa ta asali, a sanyaye, kamar mai ba da labari. Baiti uku ne kacal, kuma babu amshi. Wani ɗan gajeren karin sintesaiza ne ke dawowa bayan baitocin ya tsaya a gurbin amshin, kuma shi ne ke maƙale wa mai sauraro a ka. Wannan dabara ita ce ƙarfin waƙar: an cire duk abin da za a iya cirewa, abin da ya rage bai da rauni ko kaɗan.

Baitocin suna magana ne a kan wata mace mai tallan kayan ƙawa, daga bakin wani namiji da ke kallonta daga nesa. Tana da kyau, ba ta sakin fuska, sai a gaban kyamara take nuna gwanintarta, ana sa hotonta a bangon mujalla domin a sayar da haja, idanu miliyoyi na kanta. Mai rera waƙar bai yabe ta ba, bai kushe ta ba. Düsseldorf cibiyar tallace-tallace ce da kasuwar tufafi, saboda haka irin wannan mace ba baƙuwa ba ce ga marubutan. A waƙar Jamusancin akwai wurin da aka ambaci Sekt, giyar nan mai kumfa, sai wata murya dabam ta yi wuf ta amsa da "korrekt", wato "daidai". Muryar wani mai kai wa baƙi abin sha ce a wani gidan rawa da 'yan ƙungiyar ke zuwa, wanda ya saba faɗin kalmar. Suka gayyato shi situdiyo ya faɗa. Ba a sa wannan a ta Turancin ba.

Fitowarta

A Jamus an fitar da ita a ƙaramin faifai a 1978, da "Neonlicht" a ɗaya gefen, ba ta kuma yi wani tashe ba. Faifan wancan lokaci gefe biyu ne da shi: na gaba, wanda kamfani ke tallatawa, da na baya, wanda sau da yawa cikon wuri ne. A Birtaniya sau biyu ana tura "The Model" gefen baya. Na farko a 1978, bayan "Neon Lights". Na biyu a watan Yulin 1981, bayan "Computer Love" daga sabon kundinsu na wannan shekara, faifan da ya tsaya a matsayi na 36.

Masu saka waƙa a gidajen rediyo da gidajen rawa ne suka juya faifan suka riƙa saka gefen baya. Da EMI, kamfanin da ya buga faifan, ya ga haka, sai ya sake fitar da shi a ƙarshen 1981 yana tallata "The Model". Ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin 6 ga Fabrairun 1982, ta karɓe shi daga Shakin' Stevens, bayan mako guda The Jam suka karɓe daga hannunta. A Jamus ma sai a wannan karon ta shiga cikin goma na farko.

Waƙar ba ta sauya ba tsakanin 1978 da 1982, kunnen jama'a ne ya sauya. A cikin waɗannan shekaru matasan Birtaniya da suka tashi da sauraron Kraftwerk sun cika kasuwa da kiɗan sintesaiza: Gary Numan ya kai matsayi na ɗaya a 1979, Soft Cell da The Human League a 1981, ga Orchestral Manoeuvres in the Dark da Depeche Mode suna tashe. Ɗalibai ne suka gyara wa malamansu wurin zama, shi ya sa tsohuwar waƙa ta shigo kamar an yi ta jiya.

Waɗanda suka sake rera ta

Mawaƙa da dama sun sake yin waƙar, kowa da salonsa. Ƙungiyar Big Black ta Amurka ta yi ta a 1987 da jita mai kaushin amo. Rammstein, 'yan Berlin, sun fitar da tasu a 1997 da sunan "Das Modell". A 1992 Balanescu Quartet, makaɗa huɗu masu kayan kiɗan tsirkiya dangin goge, sun kaɗa ta a kundinsu Possessed, ba murya, ba sintesaiza.