Sauya adireshin IP na sabar kasuwanci yayin musanya na'ura

Sauya adireshin IP na sabar aiki ne da ake yi idan kamfani ko babban shago ya ajiye tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da bayanansa ya kafa sabuwa. Adireshin IP shi ne lambar da sauran na'urori ke nemo kwamfuta da ita a kan hanyar sadarwa. Rubuta lambar kanta ba ya cin minti biyar. Wahalar tana wajen na'urorin da suka haddace tsohuwar lamba: kwamfutocin kanta, firinta, na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata, da rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet. A shagunan sari na Adum da Kejetia a Kumasi, ko ofisoshin Nima da Madina a Akra, galibi kwamfuta ɗaya ce ke ɗauke da manhajar lissafi irin Tally ko QuickBooks, idan ta ɓace wa sauran kuwa ko rasit ba ya fita.

Lambobin da abin ya shafa

Adireshin IPv4, wato irin mai lambobi huɗu da ɗigo a tsakani, bit 32 ne. Na cikin gida ana ɗauko shi daga rukunoni uku da aka ware a 1996: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Na waje kamfanin intanet ke bayarwa, kamar MTN ko Telecel, su kuma daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin a Afirka, suke karɓa. Sai lambar MAC mai bit 48 wadda ke zuwa da katin sadarwa. Ita dai takan sauya idan an sauya na'ura.

Gado ko sabuwar lamba

A ƙaramin ofis, abin da ya fi shi ne sabuwar na'ura ta gaji lambar tsohuwa. Ana kafa ta da lambar wucin gadi, misali 192.168.1.11, a kwashe bayanai a gwada. Ranar sauyi sai a mayar da tsohuwa wata lamba ko a zare mata kebul, sannan a ba sabuwa lambar da tsohuwar ke da ita, misali 192.168.1.10. Kada a bar su biyu a kunne da lamba ɗaya: saƙo zai riƙa zuwa can yana zuwa nan, har cinikin yini guda ya rabu tsakanin rumbuna biyu, abin da haɗa shi ke da matuƙar wuya.

Ko an bi wannan tsari, wasu na'urori kan ɗan jima ba su ga sabuwar ba, domin teburinsu na ARP, wanda ke haɗa kowace lambar IP da MAC ɗinta, yana nan riƙe da tsohuwar MAC. Kwamfutar Windows takan manta da wuri, amma rautar Cisco tana iya riƙewa har awa 4 in ba a taɓa saitinta ba. Umarnin arp -d yana share teburin a kwamfuta. Haka nan idan DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori lamba da kansa, shi ne ke keɓe wa sabar lamba, keɓewar tana ɗaure da tsohuwar MAC, sai an gyara. Wasu lasisin manhaja ma da ita suke ɗaure.

Idan kuwa sabuwar lamba za a ɗauka, aikin ya koma kan DNS, tsarin da ke fassara sunan na'ura zuwa lambarta. Kowane suna yana da wa'adin TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe amsa kafin a sake tambaya. In wa'adin daƙiƙa 86400 ne, kwana guda ke nan, to a rage shi zuwa 300 aƙalla kwana ɗaya kafin sauyi. Ragewa a ranar aikin ba ta da amfani, tunda waɗanda suka karɓi tsohuwar amsa za su riƙe ta har gobe. Bayan sauyi, ipconfig /flushdns yana share abin da Windows ta ajiye. Na'urorin da aka rubuta wa lamba da hannu kuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa masu aikin ke fara rubuta jerinsu a takarda.

Inda aka fi tuntuɓe

Sauya lambar waje ya fi haɗari. Bankuna da kamfanonin da ke haɗa shago da kuɗin waya sukan karɓi saƙo daga adireshin da aka yi musu rajista kawai, don haka a sanar da su tun da wuri. Sabar imel tana buƙatar gyaran bayanan SPF da PTR, waɗanda a DNS suke shaida cewa wasiƙa daga gare ta take, in ba haka ba wasiƙunta su faɗa kwandon shara. Ƙa'idojin katangar tsaro (firewall) da na tura ƙofa a rauta, wato masu miƙa wa sabar saƙon da ya shigo daga waje, su ma suna nuna tsohuwar lamba.

Idan sabar ce ke kula da Active Directory, tsarin Windows mai riƙe da asusun shigar ma'aikata, bayan sauyi a buga ipconfig /registerdns, a sake tayar da Netlogon, manhajar da ke tantance masu shiga, a duba da umarnin dcdiag. A Linux sunan katin sadarwa kan sauya, misali daga eno1 zuwa enp3s0, sai tsohon saiti ya nuna katin da babu shi. Kuma wanda ya sauya lamba daga nesa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta ta layin sadarwa, ya yanke igiyar da yake riƙe da ita, gara a samu wani a gaban na'urar.

Lokaci

Lahadi ko bayan an rufe shago ya fi. Saboda ɗauke wuta, a tabbata batirin UPS, na'urar riƙe wuta na ɗan lokaci, a cike yake, janareta ma da mai, domin yankewar wuta a tsakiyar kwashe bayanai na iya lalata rumbun. Ana ajiye tsohuwar na'ura a kashe mako ɗaya ko biyu ko da za a koma mata. Kafin a sayar da ita a goge faifanta sarai, domin dokar kare bayanai ta Gana ta 2012 ta ɗora wa kamfani alhakin bayanan abokan cinikinsa.