Sifirin ba ya cinye ƙarfin mai keke

A Kano an daɗe ana cewa keke mai sifirin gaba da baya ƙarfin ƙafa yake sha, wai kana taka feda yana lotsawa. Maganar tana damuna, domin kekuna masu arha da suka cika kasuwa ne suka ja wa keken hawan dutse na gaske wannan suna.

Maƙeransa suna zaɓar inda za su sa mahaɗin ƙarfen baya, wato wurin da ƙarfen da ke riƙe tayar baya yake juyawa sama da ƙasa, yadda jan sarƙa zai tokare lotsawar da nauyin mahayi ke jawowa. A hawa mai tsakuwa irin na Goron Dutse, tayar baya tana manne da ƙasa, ba ta zamewa. A gangara kuwa, sifirin ke shanye bugun duwatsu, birki ya kama sosai.