Waiwaye: Shamsunnahar Mahmud da Asalin Taƙaddamar Kujerun Mata a Bangladesh

Tun bayan sauyin gwamnati na watan Agustan 2024, ɗaya daga cikin batutuwan da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa a Bangladesh shi ne na kujerun da aka keɓe wa mata a majalisar dokoki. Kujeru 50 ne cikin 350, kuma ba a akwatin zaɓe ake cin su ba. Ana raba su ne ga jam'iyyu gwargwadon rabon da kowace ta samu daga kujeru 300 da aka yi takara a kansu. A 2025 kwamitocin gyaran tsari sun kawo shawarar a kai adadin 100 kuma a bar jama'a su zaɓa da kansu, kiran da ƙungiyoyin mata suka daɗe suna yi. Mai bin muhawarar daga nesa zai ɗauka sabuwa ce, alhali kuwa ta girmi ƙasar kanta, kuma rayuwar 'yar jarida, marubuciya, 'yar siyasa Shamsunnahar Mahmud ta ratsa daidai wurin da hanyar ta karkata.

An haife ta a 1908 a yankin Feni, cikin Bangladesh ta yau. Ta fara makaranta a Chittagong, aka cire ta tun tana ƙarama saboda kulle, ta ci gaba da karatu a gida har ta ci jarrabawar kammala sakandare a 1926. Ta sami digiri na farko a Kalkata a 1932, na biyu a 1942, ta kuma koyar da harshen Bengali a Kwalejin Lady Brabourne. Ita da yayanta Habibullah Bahar ne suka fitar da mujallar Bulbul a 1933, kuma a 1937 ta wallafa tarihin rayuwar Begum Rokeya, jagorar ilimin 'ya'ya mata Musulmi a Bengal. Wannan ɓangare na labarinta sananne ne, kuma shi ake yawan maimaitawa duk lokacin da aka ambaci ɗakin kwanan ɗalibai mata na Jami'ar Dhaka da ke ɗauke da sunanta.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yanayin shigarta majalisa. Dokar mulkin Indiya ta 1935, wadda aka yi a zamanin Turawan Ingila, ta keɓe wa mata 'yan kujeru a majalisar Bengal, kuma masu jefa ƙuri'a ne ke cike su. Haka aka yi a zaɓen 1954 na Gabashin Bengal, wato Bangladesh ta yau, wadda a lokacin take ɓangaren gabas na Pakistan, inda aka ware kujeru tara ga mata Musulmi, mata irin su Nurjahan Murshid suka fita kamfe, suka nemi ƙuri'a, suka ci. Kundin tsarin mulkin Pakistan na 1956 ya ɗora a kan wannan turba: ya tanadi kujeru goma na mata a majalisar ƙasa, biyar daga gabas biyar daga yamma, kowace da mazaɓarta a ƙasa. Ma'anar haka ita ce mace za ta jefa ƙuri'a biyu, ɗaya ga ɗan takarar mazaɓarta tare da kowa da kowa, ɗaya kuma ga macen da za ta wakilci mata. 'Yar majalisar da ta fito ta wannan hanya tana da unguwannin da za ta koma ta yi bayani, da matan da za su iya kayar da ita a zagaye na gaba.

Ba a taɓa gudanar da babban zaɓe a ƙarƙashin wannan kundi ba, domin an soke shi a Oktoban 1958. Wanda ya maye gurbinsa a 1962 ya zo da majalisa mai kujeru 156, shida kacal na mata, uku daga kowane ɓangare. Raguwar adadin ce ta fi ɗaukar ido, amma a ganina sauyin hanyar zaɓen ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. A wancan tsari ko kujerun gama-gari ma wakilai 80,000 ne ke zaɓen masu hawansu a madadin al'umma, kujerun mata kuwa sai aka miƙa su ga 'yan majalisa su cike. Ta wannan ƙofa Shamsunnahar ta shiga majalisar ƙasa a 1962. Ba wanda zai ce ba ta cancanta ba: mace ce da ta shafe shekaru fiye da talatin tana rubutu da koyarwa da tafiyar da ƙungiyoyin mata, ta kuma kafa cibiyar kula da yara masu naƙasa. Cancantar irinta ce ma ta sa sabon tsarin ya zauna ba tare da an ga aibinsa ba, tunda idan sunan da aka fitar na kirki ne, ba kasafai ake tambayar wanda ya fitar da shi ba. Ta rasu a Dhaka a watan Afrilun 1964, ba ta cika shekara biyu a kujerar ba.

Daga baya an dawo wa jama'a da ƙuri'arsu a kujerun gama-gari, amma kujerun mata suka tsaya inda aka ajiye su. A zaɓen 1970 'yan majalisa ne suka cike su, kuma kundin Bangladesh na 1972 ya gaji wannan salo da kujeru 15 na tsawon shekara goma. Abin da ya biyo baya ƙari ne a lissafi kawai: 30 a 1978, 45 a 2004, 50 a 2011, sannan a 2018 aka tsawaita wa'adin da shekara 25. Kowane gyara ya taɓa adadi ko wa'adi, babu wanda ya mayar da zaɓen hannun jama'a, duk da cewa mata biyu ne suka jagoranci gwamnatin ƙasar a mafi yawan shekarun da ke tsakanin 1991 da 2024.

Masu cewa zaɓen kai tsaye zai yi wa mata wuya saboda tsadar kamfe da faɗin mazaɓa suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sai dai tun 1997 dokar ƙananan hukumomin karkara ta ware kujeru uku na mata a kowace majalisar gunduma, waɗanda mazauna ƙauyuka ke zaɓa da hannunsu, kuma dubban mata sun yi takara sun ci ta wannan hanya.