Kwalejin Black Mountain: ta rufe a 1957, har yau ana cin gajiyarta

Ɗalibaina na zane a nan Katsina sun sha jin sunan Black Mountain a bakina, har ran nan suka tsare ni da tambayoyi.

Malam, wai wace irin makaranta ce?

Ƙaramar kwaleji ce a jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. John Andrew Rice da abokansa suka buɗe ta a 1933, rashin kuɗi ya kashe ta a 1957. Malamanta ne masu ita. Ɗalibai kuwa su yi karatu, su yi noma a gonar makaranta, har ginin ɗakunan karatu da guminsu aka tayar.

Shekara 24 kacal, me ta bari?

Mutane ta bari. Mashahuran masu zane Robert Rauschenberg da Cy Twombly sun zauna ajinta. A can Merce Cunningham ya kafa ƙungiyar rawarsa a 1953. Amma ni wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Anni Albers, masaƙiya. Ita da mijinta Josef sun baro Jamus a 1933, shekarar da 'yan Nazi suka sa aka rufe makarantar fasaha ta Bauhaus, inda suke koyarwa. Da ta zo, ba ta yarda a ɗauki saƙa aikin marasa boko ba. Zare da masaƙa ta sa a gaban ɗalibai ta ce a nan za a yi tunani. A 1949 babban gidan fasahar zamani na New York ya ware wa saƙarta baje koli ita kaɗai, abin da bai taɓa yi wa mai saƙa ba. Ɗalibar kwalejin, Ruth Asawa, ta koyi saƙar kwando a Meziko, ta dawo tana saƙa waya, ga ayyukanta nan rataye a manyan gidajen tarihi.

Baƙar fata fa, an karɓe su?

An karɓa. Alma Stone Williams ta shiga a 1944, lokacin da wariya ke ci a kudancin Amurka. Jacob Lawrence, mai zane baƙar fata, ya koyar a can a 1946, shi ne kuma ya kawo zanensa Legas da Ibadan a 1962.

To mu ina ruwanmu?

Ruwanmu ya yi tsaki, 'ya'yana. Kuna zana Hasumiyar Gobarau a takarda, amma cikinku wa ya taɓa cuɗa ƙasa ya yi tubali? Ga marina, ga dukawa, ga magina a cikin birni, ba mu taɓa kiran ɗayansu aji ya koyar ba, kuma wannan yana damuna. Ranar Asabar mu haɗu da safe, wurin wani tsohon masaƙi za mu yi darasi. Kowa ya zo da zarensa.