Ma'anar "butin" da dalilin da faifai ke ƙin tashi bayan an ɗora Windows

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a suka duƙufa wajen sauya manhajar kwamfutocinsu, kalmar "butin", wato tashin kwamfuta bayan an kunna ta, kuma ta zama ruwan dare. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar butin a matsayin shaidar lafiyar faifan ajiya, ta yadda da zarar an gama ɗora Windows kwamfuta ta ƙi tashi, sai a yanke hukunci cewa faifai ya mutu, alhali shi ne ya karɓi manhajar gaba ɗayanta ɗazu-ɗazun nan.

Butin miƙa ragama ne daga hannu zuwa hannu. Idan an kunna kwamfuta, ƙaramar manhajar da aka dasa a jikin babban allonta, wato BIOS ko UEFI, ita ce ke fara farkawa, sannan ta nemi wanda za ta miƙa wa aiki.

Tsohon BIOS wuri ɗaya kawai yake dubawa, wato bayit 512 na farkon faifai, wanda ake kira MBR, tsarin da ya zo tun 1983. A cikinsu 446 umarnin tayarwa ne, 64 jadawalin yankunan faifai huɗu ne, biyu na ƙarshe kuwa hatimi ne. Idan hatimin nan babu shi, BIOS zai wuce faifan kamar babu komai a cikinsa, ko da kuwa kowane fayil na Windows yana nan daram. UEFI ba ruwansa da wannan umarni. Shi wani ƙaramin yanki mai tsarin FAT32 yake nema, galibi a faifan da aka tsara da GPT, sabon tsarin raba faifai da ya gaji MBR. A ganina, a nan aka fi samun matsala: an tayar da filashin da aka ɗora Windows da shi a yanayin UEFI, amma an bar kwamfutar a kan Legacy, wato yanayin tsohon BIOS, ko akasin haka, sai ta riƙa neman ƙofa a inda babu ita.

Haka nan idan faifai biyu ne a jone lokacin ɗorawa, Windows kan ajiye fayilolin tayarwa a faifan da ba a kansa aka ɗora shi ba, ranar da aka cire shi kuma kwamfuta ta tsaya cik.

Saboda haka gaggawar sake yin fomatin ɓarna ce. A fara cire filashin, a duba jerin abin da kwamfuta ke fara nema, a daidaita yanayin UEFI ko Legacy da tsarin faifan, a kuma tabbatar ba a sauya saitin SATA, wato yanayin da babban allo ke magana da faifai, daga AHCI zuwa RAID ba. Idan fayilolin tayarwa ne suka ɓace, umarnin Windows mai suna bcdboot yana sake rubuta su ba tare da taɓa bayanan mutum ba. Sai idan BIOS bai ga sunan faifan ba sam bayan an sauya waya, ko kuma faifan yana ƙara ƙwas-ƙwas, sannan zargi ya hau kansa.