Cire kuɗin tafiyar aiki daga ribar da ake biya wa haraji a Nijar

Kuɗin tafiyar aiki su ne abin da kamfani ko ɗan kasuwa ke kashewa idan sana'a ta fitar da shi, ko ta fitar da ma'aikacinsa, daga garin da yake aiki: tikitin mota ko na jirgi, mai, kuɗin hanya, masauki da abinci. A Nijar, Babbar Ma'aikatar Haraji ta Ƙasa (DGI) ce ke duba waɗannan kuɗaɗe, bisa kundin haraji na ƙasa da kuma dokar kasafin kuɗi, wadda kan gyara wasu ƙa'idoji shekara-shekara.

Lampon riba, wanda aka saba kira ISB, kashi 30 cikin 100 ne, kuma a kan ribar da ta rage bayan an cire ɗawainiyar sana'a ake lissafa shi. A ce wani kamfanin Yamai ya kashe sefa 500.000 a shekara wajen aika ma'aikaci Tawa, tafiyar kilomita kusan 550 ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni. Idan an amince da kuɗin, lamponsa zai ragu da sefa 150.000. Idan an ƙi, sai a mayar da su cikin riba, galibi har da tara.

Sharaɗi na farko shi ne tafiyar ta zama don amfanin sana'ar kanta. Zuwa Galmi sayen albasa ko kai kaya wurin abokin ciniki ya shiga. Biki, gaisuwar mutuwa da ziyarar dangi ba su shiga ba, ko da da motar kamfani aka je. Wurin da ake yawan samun gardama shi ne tafiyar da ta haɗa biyun, abin da kuwa ya zama ruwan dare: mutum ya je Tawa aiki, ya ƙara kwana uku a gida. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a raba kwanakin, a rubuta na aikin kaɗai.

Na biyu shi ne takarda, kuma nan ne mafi yawan ƴan kasuwa ke tafka asara. Ana son faktir, wato takardar shaidar ciniki, mai ɗauke da suna da lambar NIF (lambar rajistar mai biyan haraji) ta wanda ya sayar, da kwanan wata. Tun da aka shigo da tsarin faktir mai shaida na SECeF, maganar ta ƙara tsanani. Otal da manyan kamfanonin bas suna ba da takarda, amma mai tuwo a tasha da ɗan kabu-kabu ba sa bayarwa. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke yanka wa ma'aikaci kuɗin kwana, tare da takardar misiyo mai nuna sunansa, inda za shi, dalilin tafiya da ranakunta. Kuɗin kwanan da ya zarce hankali ana iya ɗaukarsa albashi a ɓoye, a ɗora masa harajin albashi na ITS.

Sannan dole a shigar da kuɗin cikin littafin lissafi na shekarar da aka kashe su. A tsarin lissafin kuɗin kamfanoni na SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, tafiye-tafiye suna layi na 6181, misiyo kuma na 6384. Dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta wajabta ajiye takardun shekara 10.

Duk wannan ya shafi masu biyan haraji bisa ribarsu ta zahiri ne. Ƙananan ƴan kasuwa da ke ƙarƙashin harajin dunƙule ba sa cire kuɗin tafiya ɗaya bayan ɗaya, domin gwargwadon cinikinsu ake yanka musu abin da za su biya.